Hoton Ɗan Dako a Filin Albasa

Ni malamin kolej ne a Madawa, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, amma in ka shiga kasuwa ka yi tambaya da haka ba wanda zai gane ni. Mushe mai hoto suke ce mini, don a wajenmu Mushe ake kiran malamin boko. Kyamarar tsohuwa ce, a hannun wani ɗan'uwana na saye ta da ya dawo daga Libiya, murfin batirinta ma da roba nake ɗaure shi. Tun da ta shigo gidana matata ta daina aikena cefane, don in na fita sayen tumatir da hantsi, azahar za ta same ni durƙushe gaban tulin tabarmi ina jiran rana ta ɗan karkata.

Ban mai da abin sana'a ba, ban taɓa ɗaukar biki ko suna ba. Garin kawai nake ɗauka. Amalanken jaki da ya maƙale tsakanin manyan motoci biyu, matan da ke saukowa daga wajen Buza da ɗaurin kaba a ka, 'yan kabu-kabu jere a inuwar dogon yaro suna gardamar ƙwallo, fadama kore shar a tsakiyar rani. Akwai wani gurup da muke da shi a waya, na 'yan Madawa da ƙauyukan kewaye, rabinsu suna Abijan da Legas da Libiya wajen biɗa, wato neman kuɗi. Duk ranar kasuwa da la'asar nakan jefa musu hoto biyu ko uku, su kuma su yi ta zuba yabo. Wani ya ce na sa shi ƙwalla, wani ya ce in ɗauko masa ƙofar gidansu. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har na fara gaya wa abokan aikina a ɗakin malamai cewa su wucewa kawai suke yi ta cikin garin nan, ni ne nake ganinsa.

Ina da ladabi a aikin, ko in ce ladabin da na zaɓa wa kaina. In zan ɗauki wani Alhaji a bakin shagonsa sai na yi sallama, na nemi izini, na jira ya gyara hula. Mata kuwa ba na ɗaga kyamara sai sun yi dariya sun ce in ɗauka. Amma 'yan dako, masu turin ruwa, masu sharar tasha, ban taɓa tambayar ko ɗaya ba. Ba zama na yi na yanke hakan ba. A idona su ma cikin kayan kasuwar suke.

Lokacin albasa ne, zafi ya kai inda ya kai. A filin da ake lodi, bayan kasuwa, manyan motoci sun ja layi suna jiran kayan da za su kai bakin teku. Buhunan irin waɗanda ake cikawa har su fi bakinsu ne, a ɗinka musu hula a sama, mutum uku ke ɗaga ɗaya su aza wa na huɗu. Na tsaya ina kallon wani dogon saurayi da ya naɗe fuskarsa da rawani har ido, yana hawa katakon da aka jingina da mota. Yana tsakiyar katakon sai hular buhun ta kama gefen rawanin ta janye shi. Ya juyo don ya kama shi da haƙori, rana ta faɗa masa a fuska, gumi na zuba, jijiyoyin wuyansa duk a waje. Na danna. Tun kafin in duba na san ban taɓa ɗaukar kamarsa ba.

Da la'asar na sa shi a gurup, na rubuta a ƙasa cewa ga ƙarfin Madawa. Wayata ba ta huta ba har magariba. Cikin saƙonnin akwai na murya guda biyu masu tsawo daga wata lamba da ban sani ba, ban saurara ba, na ɗauka yabo ne irin na kullum.

Kwana huɗu bayan haka, lokacin hutun ƙarfe goma, mai gadin makaranta ya ce ina da baƙo. Na fito na tarar da wani dattijo tsugune a gindin katanga, siriri, farin gemu, rigarsa wankakkiya amma ta sha jiki. A gefensa akwai wani ɗauri a cikin baƙar leda, an ɗaure shi da igiyar kaba. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki da zafi. Ya ce daga wani ƙauye yake can gefen Azarori.

"Kai am mai hoto?" ya ce.

"Ni ne, Baba."

Ya ciro waya daga cikin hankici, ya ce ta maƙwabcinsa ce, shi bai iya taɓa ta ba, in buɗe da kaina. Na buɗe, sai ga hotona, ya ɗan dushe saboda yawan hannun da ya bi, amma fuskar tana nan sarai.

"Wanga ɗana na," ya ce. "Shekara biyu ke nan da yat tahi biɗa Aljeriya."

Har yau in na tuna abin da na yi a lokacin sai in ji kamar in nutse. Murna na yi. Na ɗauka yaron ɓacewa ya yi, kyamarata ta gano shi, har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai. Na kama hannun dattijon da hannu biyu na ce alhamdu lillahi, ashe hoton nan ya yi rana, Allah ya sa ta dalilina sun gan shi.

Bai janye hannunsa ba. Ya dube ni kawai, ya ce, "Mushe, wa yac ce maka ya ɓace?"

Na saki hannunsa, shi kuma ya ci gaba.

"Na san shina nan tun kaka. Tabarmi nika kawowa kasuwa. Wata rana nag ga wani ya wuce da buhu, huska ruhe, amma ɗanka ba ka rasa gane tahiya tai. Sai nak kau da kaina. Kasuwa ta gaba nit tashi daga inda nika zama, nik koma can wajen masu tukwane, don kar mu haɗa ido."

"Baba, tun kaka? Ba ka yi masa magana ba?"

"In yi mai magana in ce mi? Ya ruhe kainai, ni in buɗe shi?"

Na zauna a ƙasa da wandon aikina. Ba wai ban san al'adar ba. A cikinta aka haife ni. Ɗan biɗa ba ya shiga gari hannu rabbana. Sai da turmin atamfar uwa, da na mata, da sabulu, da shayi da sukarin da za a kai majalisa, ko da kuwa a can ƙasa yake kwana. Wanda ya dawo ba komai ba za a kore shi ba, za a yi masa barka da zuwa, a ba shi fura. Amma kafin sati samari sun raɗa masa suna, sunan kuma zai bi shi har ya bi 'ya'yansa. Shi ya sa wasu suke ƙara shekara a kan shekara a waje. Duk wannan ina koyar da shi a aji, da taswira da kibiyoyi, wannan ta yi arewa, wannan ta yi kudu. Ban taɓa kawowa a raina cewa wani zai iya tsayawa nan kusa da gida, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba, ya kasa ƙarasawa.

Dattijon ya ci gaba a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Duk Juma'a yaron yakan aiko saƙon murya ta wayar maƙwabcin, ya ce yana lafiya, aikin gini suke yi, sanyin Aljeriya ya yi yawa bana, a yi masa addu'a. Uwar yaron da matarsa su zauna su saurara, shi ma ya zauna tare da su ya ce amin. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa da suka tsufa tare. Abin da ya yi shi ne, duk kasuwar da ya sayar da tabarmi sai ya sayi abu ɗaya ya ɓoye a rumbu. Ya dafa baƙar ledar da ke gefensa. Nufinsa in an kusa ruwan farko, lokacin da 'yan biɗa ke dawowa mota-mota don shuka, ya same shi a bayan fili ya miƙa masa ɗaurin, yaron ya hau mota ɗaya da su ya sauka a gari kamar kowa.

"Saura wata guda, Mushe," ya ce.

Yanzu kuwa hoton ya shiga kowace waya a ƙauyen. Matar yaron a bakin rijiya aka nuna mata. Mata sun yi ta shigowa wurin uwar suna jaje kamar an yi rasuwa, ita kuma ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Samari har sun samo sunan.

Ina da zuciya, kuma takan tashi ne daidai lokacin da ba ni da gaskiya. Na ji bakina yana cewa ai a fili na ɗauka, kasuwa ta kowa ce, ni ina zan san wanda ke ɓoye da wanda ba ya ɓoye. Dattijon ya karɓi wayar daga hannuna. Ya naɗe wayar cikin hankicin, ya mai da ita aljihu. Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji, na ga ɗalibaina suna leƙowa ta taga. Na shiga na bar wa mai kula da ɗalibai ajin, na turo babur na ce Baba ya hau mu je filin.

Ya zauna a bayana da ɗaurin a tsakaninmu. Duk ramin da muka faɗa sai in ji shi ya tokare mini baya. Muka bi ta gaban tasha, ta layin masu walda, ta wurin mai shayin da na ɗauka ya fi sau goma. Mutane suna ɗaga mini hannu suna kiran Mushe mai hoto, ban amsa wa kowa ba.

Shugaban 'yan dakon wani kakkauran mutum ne daga wajen Keita, mun saba gaisawa sama-sama. Yana ganina ya ajiye kofin da ke hannunsa, fuskarsa ta canza. Ya gai da dattijon da ladabi, ya sa aka kawo masa buhun da ba komai ya zauna a inuwa, sannan ya juyo kaina.

"Mushe, mu ba mutane ba ne? Alhazai kana tambayassu, na sha ganinka. Mu sai dai mu ji ƙarar abin."

Dattijon ne ya tambaye shi yaron.

Shugaban ya sunkuyar da kai. Ya ce yaron ya fi shekara da zuwa, daga wata motar Agadas ya sauka, ƙafafu a kumbure, an koro su daga Aljeriya ba ko jaka. Ya nemi aiki aka ba shi. Bai cika magana ba, ba ya taɓa sigari, ba ya fashin salla. Abu ɗaya ya roƙa, ranar kasuwa a bar shi cikin mota yana jera buhu, kar a sa shi ɗauka a fili. Kowa a filin ya gane dalili, ba wanda ya tambaye shi. Ranar da na zo, wani ne ya kwanta da zazzaɓi, hannu ya yi kaɗan, shi da kansa ya ce zai ɗauka.

"Washegari wayatai tat tashi ruri, ba tsayawa. Ya koma bayan rumfa ya zamna, ko hura bai sha ba. Daga baya nig ga ya cire layin ya karya shi da haƙori."

"Yanzu ina yake?" na ce.

"Jiya da sahe ya hau bisa lodin wata mota. Ta Abijan."

Na juya na dubi dattijon. Ina jiran ya yi salati, ko ya zage ni, ko ya faɗi. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dai tambaya ko yaron ya tafi da ruwa, aka ce an ba shi jarka. Ya tambaya ko yana da takalmi, aka ce yana da. Ya gyaɗa kai. 'Yan dakon da ke kusa duk sun daina aiki, sun tsaya nesa kaɗan, ba mai kallona.

Na ciro kyamarar daga jaka na ce zan goge hoton yanzu a gabansa. Maganar banza ce, ni ma na sani, abin da ya riga ya shiga wayar duniya. Ina komawa baya cikin hotunan ranar don in nemo shi sai yatsana ya tsaya. Hoto shida kafin na yaron, ga wani dattijo zaune a wajen masu tukwane da tabarmi uku a gabansa. Duk masu sayarwa a layin suna fuskantar hanya, inda masu saye ke wucewa. Shi kaɗai ya zauna a karkace, ya ba filin albasa baya. Na tuna ma abin da ya sa na ɗauke shi, zaman ne ya ba ni sha'awa. Uba da ɗa na ɗauka a rana ɗaya, cikin minti kaɗan, ni da nake cewa ina ganin gari, kuma ban ga komai ba.

"Kar ka goge," in ji dattijon. "Nuna mani shi da girma."

Na matsa kusa na buɗe masa, na kare hasken rana da hulata. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya fasa.

"Ya rame ga wuya," ya ce.

Na ce zan kai shi har gida a babur, ya ce a'a, tasha ta isa, akwai motar da ke tashi bayan azahar. A tashar na sauke shi a inuwa, na tsaya ina neman kalmar ban haƙuri da za ta yi daidai, duk wadda ta zo bakina sai in ji ta yi kaɗan. Na dai ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, kamar yadda ake cewa. Sai ya ɗauki ɗaurin ya miƙo mini.

"Aje wanga wurinka."

"Baba, ni kuma?"

"In na shiga gari da shi, mi za ni cewa? Tsaraba ta, ba ni aka jira da ita ba. Kai kana cikin gari, kullum kana diba huskokin mutane. In ya sabko, ka ba shi, ka ce shi taho gida."

Na karɓa. Bai yi nauyi ba. Na tsaya riƙe da shi har motar ta cika ta tashi.

Da na koma gida na saurari saƙonnin murya biyun nan da na tsallake. Wani ɗan ƙauyensu ne da ke Legas, yana roƙona don Allah in cire hoton da sauri, ya san yaron, ya san halin da ake ciki, kar in bari ya kwana. Ya aiko su ne minti kaɗan bayan na sa hoton, lokacin da nake kishingiɗe ina karanta yabo. Na gaya wa matata komai. Ta karɓi ɗaurin ta aza shi bisa kwaba, inda gara ba za ta kai ba.

Damina biyu ke nan. Ban daina ɗaukar hoto ba, ƙarya ne in ce na daina, amma yanzu ina tambaya, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne yawan waɗanda suke cewa a'a. A filin albasa, a tasha, a wurin masu turin ruwa, wani ko juyowa ba ya yi, sai dai ya girgiza kai ya ƙara jan rawani. Duk motar da ta dawo daga bakin teku nakan je in tsaya in ga masu saukowa. Shugaban 'yan dako ya tambayi direbobi, wani ya ce kamar ya gan shi a wata kasuwa a can, wani ya ce ba shi ba ne. Saƙon Juma'a kuwa bai sake zuwa ba.

Dattijon yana nan yana kawo tabarminsa, ya koma tsohon wurin zamansa. Nakan je in gaishe shi, ya tambayi iyali da aiki, ba ya tambayar komai bayan haka, ni ma ba ni da abin faɗa. Kasuwar da ta wuce, da na tashi tafiya, sai ya ce in dakata. Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya ciro wasu 'yan takalman roba sababbi, shuɗɗa, irin na yara, ɗaure da zare. Ya ce yaron ya bar matarsa da ciki lokacin da ya tafi, ɗan da aka haifa bai taɓa ganin ubansa ba, kuma akwai takalmansa a cikin ɗaurin.

"Ka kwance ka sa waɗanga," ya ce. "Waɗancan sun yi mai kaɗan yanzu."